Tambaya da Amsa: Rakun Ta Tare Mana a Silin

Tambaya: Assalamu alaikum. A Maryland ta Amurka nake zaune. Wata dabba mai suna rakun ta addabe mu. Ta kifar da mazubin shara, ta kashe mana kaji a bayan gida, yanzu kuma cikin silin muke jin motsinta da dare. In toshe kafar da take shiga?
Wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki yi gaggawar toshewa. Daga Maris zuwa Mayu rakun ke haihuwa, wadda ta tare a silin a wannan lokaci galibi uwa ce da 'ya'ya. Idan kika rufe tana waje, ɓalle rufin za ta yi don ta kai gare su. In ta kasa, su mutu a ciki, wari ya cika gida.

Ki kunna fitila da rediyo a silin ɗin dare da rana, don ba ta son haske da hayaniya, sau da yawa da kanta take kwashe 'ya'yan. Sai ki cusa tsohuwar jarida a kafar. In ta kwana uku ba a ture ta ba, kuma motsi ya ɗauke, ki rufe da ragar ƙarfe mai kauri, mai ido rabin inci, a ɗaure da kusoshi masu zare. A sare rassan da suka taɓa rufin.

Akurki ma irin ragar nan yake so. Siririyar ragar kaji yaga ta take yi, ko ta zura hannu ta fizgo kaza. Hannayenta na zare sakata, saboda haka kwaɗo za ki sa. Murfin shara a ɗaure shi, abincin kyanwa kada ya kwana waje.

Abin da ya fi damunmu shi ne kashinta. Yana ɗauke da ƙwan wata tsutsa da kan kai ga ƙwaƙwalwar yaro idan ya haɗiye. Bilici ba ya kashe ƙwan, zafi ne ke kashe shi. Sa safar hannu da takunkumi, ki kwashe a ƙulle a leda, ki kwarara tafasasshen ruwa inda zai yiwu.

Rakun na ɗaukar ciwon haukan kare a gabashin Amurka. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu minti 15, ya nufi asibiti nan take. Kamawa kuwa, jihohi da yawa sun hana kai ta wani wuri a saki, don haka ki kira mai lasisin wannan aiki.