Ina koyon zane da ido, amma kaina ba ya daina ciwo

Tambaya: Malam, ni matashi ne a Garwa, ƙasar Kamaru. Shekara guda ke nan ina zama shagon wani mai rubuta alluna da zanen bango, ina kallo ina kwaikwayo. Abokaina na cewa in ba makaranta ɓata lokaci nake yi. Ga ciwon kai kullum in mun tashi aiki, maigida kuma ya ce in riƙa shan madara, tana kashe dafin fenti. In ci gaba ko in haƙura?

Amsa: Ƙanena, ci gaba. Makarantar koyon zane tana nan a Fumban ga wanda Allah ya hore wa, kuma ba na raina ta. Amma matan Gawi, can kusa da Njamena, da ke ƙawata bangon ɗakunansu, a gindin iyayensu suka koya. Wanda ya kawo maka allon shago bai taɓa tambayar takarda ba, layinka yake dubawa ko ya miƙe.

Sai dai kallo iri-iri ne. Kada ka tsaya kallon hoton da maigida ya gama, kalli wuyan hannunsa, da yawan fentin da yake ɗiba a burushi, da inda yake fara ɗora launi. In ka koma gida, ajiye buta a tsakar gida ka zana ta da gawayi da hantsi, ka sake zana ta da la'asar. Za ka ga inuwar ta koma wani gefe, kuma ba baƙa ƙirin ba ce yadda kake zato. Yi haka wata guda kafin ka taɓa fuskar mutum.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki tambayarka kafin sauran. Maganar madarar nan ƙarya ce, kuma na gaji da jin ta. Daga Garwa har Marwa, duk shagon da ka leƙa sai ka tarar da yaro yana tsinka fentin mai da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin titi, a ɗaki ƙofa rufe, gwangwanin madara na gefe kamar laya. Tururin fetur ta hanci yake shiga, ya sauka huhu, ya bi jini. Madara ciki take tafiya. A ina za su haɗu? Ko kindirmo ƙwarya guda ka shanye, abin da ka shaƙa ka shaƙa. Illarta ma ita ce tana sa mutum ya saki jiki ya ƙara awa uku cikin warin, wai ai ya sha magani. Masu faɗin haka ba mugunta suke yi ba, su ma haka aka gaya musu, amma jikinka ne ke biya.

Ga kuma dalma. Kamaru ta kafa doka a 2017 da ta taƙaita yawanta a fenti, amma doka ba ta kankare tsohon fentin da ke jikin ƙofofi da tagogi ba, kuma ja da rawaya na fentin mai su aka fi samu da ita. In kana goge tsohon allo a bushe, ƙurar tana shiga bakinka. Wanda ke gyara bakin burushi da leɓe, ko ya ɓare goro da hannu duk fenti, ci yake yi kai tsaye. Mun ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ɗaruruwa suka rasu. Can daga haƙar zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce.

Saboda haka fito da aikin waje, ƙarƙashin rumfa inda iska ke kaɗawa. Yi atisayenka da fentin ruwa, ya fi araha ma. Kada ka wanke hannu da fetur, murza man gyaɗa sannan ka bi da sabulu. Jiƙa tsohon allo kafin ka goge shi. Kayan aiki kuma kada su shiga ɗakin da ƙannenka ke kwana.

Maigidanka kada ka yi masa gardama a gaban mutane, ka dai jawo bencinka bakin ƙofa. In ciwon kan bai lafa ba, ko ka fara jin murɗar ciki, ko wuyan hannunka ya yi sanyi har burushi na suɓuce maka, je asibiti ka faɗa wa likita aikin da kake yi da irin fentin da kake taɓawa. In da hali, tafi da gwangwanin.