Me ya sa Turawa ke barin coci?

Tambaya: Malam, ina yawan jin cewa Turawa na barin Kiristanci, har ana sayar da coci-coci. Gaskiya ne? Musulunta suke yi, ko me ke faruwa?

Amsa: Gaskiya ne, amma galibinsu ba Musulunta suke yi ba, ba kuma wani addinin suke komawa ba. In an tambaye su sai su ce ba su da addini. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2011, kashi 59 cikin ɗari ne suka ce su Kirista ne. A ta 2021 sun sauko zuwa 46, marasa addini kuwa suka tashi daga 25 zuwa 37. Musulmi sun ƙaru zuwa kashi 6.5, amma akasari ta hanyar ƙaura da haihuwa. A Amurka ma cibiyar bincike ta Pew ta nuna Kirista sun ragu daga kashi 78 a 2007 zuwa wajen 62 a 2024.

A ganina tushen abin yana cikin gida. Da wuya ka ga dattijo ya wayi gari ya ce ya fita. Kaka ce ke zuwa coci duk Lahadi. 'Yarta sai Kirsimeti, ko ɗaurin aure, ko jana'iza. Jika kuwa ko baftisma ba a yi masa ba. Kowane zamani ya miƙa wa na baya ƙasa da abin da ya karɓa, kuma abin ya tsananta tun shekarun 1960. A da, makaranta da asibiti da tallafin talaka galibi a hannun coci suke. Da gwamnati ta karɓe su, kamar yadda aka yi a Quebec ta Kanada, sai mutum ya ga zai iya rayuwa ba tare da ya taka ƙofar coci ba, kuma babu maƙwabcin da zai yi masa kallon banza. Ita kanta Lahadin ta sauya: tun 1994 doka ta yarda manyan kantuna su buɗe ranar a Ingila.

Sai kuma abin da ya fi ciwo, wanda malaman coci suka jawo da hannunsu. Rahoton da aka fitar a Faransa a 2021 ya ƙiyasta cewa yara kimanin 216,000 ne limaman Katolika suka ci zarafinsu tun 1950. Yadda manyan coci suka ɓoye laifin ya fi komai zubar da amana. A Jamus, inda ɗan coci ke biyan harajin coci daga albashinsa, mutum kan je ofishin gwamnati ya sa hannu ya fita, harajin ya tsaya. Katolika sama da 500,000 ne suka yi haka a 2022 kaɗai.

Coci-cocin da suke cika maƙil a Landan yau, da yawa na 'yan Afirka ne, irin su Redeemed da ta samo asali daga Najeriya. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne 'ya'yansu da aka haifa a can, ko za su ci gaba da zuwa bayan sun bar gidan iyayensu.