Ubana Basarke, uwata 'yar Zuru, Legas ta raine ni: ni wane ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina Bakabe ne daga gidan Sarkawa masunta a Argungu, mahaifiyata kuma 'yar Zuru ce. A Agege aka haife ni, can na tashi har shekara 17, sai bayan rasuwar Baba muka dawo Birnin Kebbi. Ban iya iyo ba balle su, wato kamun kifi, ba ni da tsage a fuska, in na buɗe baki kuma sai a ce ga ɗan Ikko. Kwanan baya baffana ya ce da ni a gaban mutane wai albasa ba ta yi halin ruwa ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Ina da hurumin kiran kaina Bakabe kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah Ya jiƙan mahaifinka. Kana da hurumi, kuma ba alfarma aka yi maka ba. A al'adarmu ɗa asalin ubansa yake bi, ko a bangon duniya aka yanke masa cibi. Ko takardar shaidar asali za ka nema, ƙaramar hukumar mahaifinka za a tura ka. Wannan baffan da ya yi maka gori, ranar da za ka nemi aure shi zai shige gaba, kuma da sunan gidanku zai yi sallama.

Sai dai na san ba takarda ce ta hana ka barci ba. Kana ganin akwai wani cikakken Bakabe da aka auna ka da shi aka ga ka gaza. To bari mu duba mudun.

Kabin da Muhammadu Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga Askiya na Songhai wajen 1516, tattaro jama'a ya yi daga nan da can ya gina Surame, ruwayoyin baka ma suna kai tushensa ƙasar Katsina. Birnin Kebbi da kake zaune a cikinsa ya taɓa zama gadon sarautar Kabawa, ya faɗa hannun masu jihadi a 1805, yau fadar Sarkin Gwandu ce a ciki, Kabawa kuma suka ƙarasa Argungu. Bikin kamun kifi da duniya ta san ku da shi, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado a 2016, a siffarsa ta yanzu daga 1934 ya faro, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka binne tsohuwar gaba. Su ɗin tsoho ne, bikin kuwa bai cika shekara ɗari ba. Ka ga ashe abin da muke kira gado, wasu ne suka rayu a cikin yaƙi da ƙaura da sulhu, suka bar mana abin da ya rage a hannunsu.

Ga misali na kusa. A ƙasar Yauri akwai Gungawa, mutanen tsibiran kogin Kwara masu harshen kansu. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya ci garuruwansu, aka tashe su zuwa tudu. Da yawa daga jikokinsu yau Hausa kaɗai suke ji, Yawurawa suke kiran kansu. Kakata ta wajen uwa daga can ta fito. Hausa take yi da mu wuni guda, amma in tana ƙirga ƙwaryar hatsi, ko kaza ta ɓarar mata da tsaki, sai harshen gungu ya kuɓuce mata. Muna yara dariya muke yi. Ta rasu ban riƙe ko ƙirga ɗaya zuwa goma ba, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

Batun tsage kada ya dame ka. A zamanin hari da kamun bayi shi ne katin shaida, da an dubi kuncinka an san garin da za a mayar da kai. Wannan aiki ya ƙare, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ma ta hana yi wa yaro zane a jiki. Ka leƙa kowace firamare a Argungu ka ƙirga masu tsage, yatsunka za su ishe ka.

Inda baffanka yake da gaskiya, ko da yake bai iya faɗa ba, shi ne sarkanci ba suna ba ne kawai, sana'a ce da sani. Na taɓa tsayawa bakin Matan Fada ina kallon wani dattijo yana koya wa jikansa hawa gora. Ya kifa cikin yaron a kan goran, ya danƙa masa homa, ragar kamun kifi, ya dafa ƙugunsa da hannu ɗaya, da yaron ya karkace sai ya ɗan tallabe shi ba tare da ya ce uffan ba. Sau uku yaron yana shan ruwa, a na huɗu ya zauna daram. Ana cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya, amma ni abin da na gani ran nan, ɗan na gada ma koya yake yi, sai dai ya fara tun bai san ana koya masa ba. Kai a wannan shekarun kana koyon tsallaka titin Agege da cinikin Yarbanci. Laifin wa?

Yarbancin nan ma kada ka raina shi. Ka san yadda ake zama baƙo, ka san ɗacin a kira ka da sunan da ba naka ba, kuma ranar da ɗan uwanka zai kai busasshen kifi ko albasa kudu kai zai nema. Harshenka kuwa zai juya da kansa. Ka shekara uku nan gaba za ka ji “mi kaka so” da “gidanai” suna fita daga bakinka ba ka shirya ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wasiƙarka, layi ɗaya tak ka ba mahaifiyarka. Mu Hausawa mun iya shafe dangin uwa a baki, alhali tuwon da ka saba da shi, da yadda kake gaida manya, da abin da kake jin kunyarsa, mafi yawa daga ɗakinta ka ɗauko. Mutanen Zuru da muke kira Dakarkari, Lelna suke kiran kansu, harshensu C'lela. Suna da Uhola, bikin godiya bayan girbi, suna da golmo, inda saurayi kan yi shekara bakwai yana noma wa surukai kafin a ba shi mata. Mutanen da suka mayar da juriya sharaɗin aure, ba abin mamaki ba ne da aka san Zuru da sojoji. Kawunnanka suna can, 'ya'yansu taubasanka ne, kuma wasan da za ku yi da su wani baƙo bai isa ya yi ba.

Ga abin da zan so ka yi kafin ruwa ya janye. Ka sayi goro ka je wurin baffan nan da sassafe, ba a gaban mutane ba, ka ce: “Baffa, Baba ya tafi bai nuna mini ruwa ba, na zo ka nuna mini.” Da wuya dattijo ya ji wannan bai sunkuyar da kai ba. Ka shiga jirgi ko da kwasar ruwa za a ba ka, ka tambayi yadda ake rabe yauni da tarwaɗa da kurungu, da sunayen kakanninku har inda ya iya kaiwa. In kun fito ku biya gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958. Da daddare kuma ka kunna rikodar wayarka, ka zauna kusa da Inna, ka ce ta ƙirga maka ɗaya zuwa goma da C'lela.