Yadda za ka auna gidan haya kafin ka saya

Tambayar ita ce yadda mai fara zuba jari zai gane ko gidan hayar da aka yi masa tayi ya cancanci kuɗinsa. Ka fara da lissafi, tun kafin kyan ginin ya ɗauke maka hankali. Ka tara kuɗin hayar shekara guda, ka cire haraji, gyare-gyare, ladan dillali da hayar aƙalla wata ɗaya da gidan zai iya zama babu kowa, sannan ka raba abin da ya rage da jimillar abin da sayen zai ci, har da kuɗin lauya da na rajista. Idan sakamakon ya zama kashi 6 cikin 100, sai ka shafe fiye da shekara 16 kafin jarinka ya dawo, kuma idan da bashi za ka saya, dole wannan ragowar ta ishi biyan kowane wata.

Kada ka dogara da hayar da mai sayarwa ya faɗa. Ka tambayi masu haya a maƙwabta nawa suke biya. Takardun mallaka kuwa, lauya ya tantance su a hukumar filaye, magini kuma ya duba rufi, harsashi da wayoyin wuta, domin a nan manyan kashe-kashen kuɗi suka fi ɓuya.