Lensi Ɗaya Zai Iya Ɗaukar Wasan Ƙwallo Da Hoton Yara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a unguwar Mabera a Sakkwato, ina aiki da kyamarar Canon 700D da lensin da ta zo da shi, mai lamba 18-55mm. Ina zuwa filin wasa na Giginya in ɗauki ƙwallo, amma 'yan wasan kan fito ƙanana kamar tururuwa, idan kuma yamma ta yi sai hoton ya yi dishi-dishi. A gefe guda kuma ana kirana suna da saukar Alƙur'ani don ɗaukar yara. Wane lensi mai zuƙo nesa zan saya da zai yi mini ayyukan nan biyu, ganin cewa kuɗina ba su taka kara sun karya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsaloli biyu ka kawo, kuma kowace da lambar da ke maganinta a jikin lensi. Ƙanƙantar 'yan wasa magana ce ta milimita, wato lambar da ke gaya maka nisan da lensi yake iya jawowa, shi kuwa dishi-dishin yamma magana ce ta lambar da ake rubutawa bayan harafin f, wadda ke nuna faɗin ƙofar da haske yake shiga, inda ƙaramar lamba take nufin ƙofa mai faɗi. Yawancin masu saye milimita kaɗai suke dubawa, alhali lamba ta biyu ita ce take yanke farashi, ita ce kuma take yanke ko hotonka zai fito bayan ƙarfe shida.

Bari mu fara da nisa. Filin ƙwallo na ƙa'ida yana kai tsawon mita 105 da faɗin mita 68. Sensar kyamararka, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta, ƙarama ce, saboda haka kowace lamba a jikin lensi sai ka ninka ta da 1.6 kafin ka san yadda za ta yi maka aiki: 55mm ya zama kamar 88mm, 200mm ya zama kamar 320mm, 250mm kuma kamar 400mm. A aikace, idan ɗan wasa yana nisan mita 30 daga gare ka, lensinka na yanzu yana kwaso fili mai tsayin kusan mita takwas, mutumin da bai kai mita biyu ba kuwa dole ya ɓace a ciki. Da 200mm, tsayin abin da ake kwasowa yakan dawo mita biyu da ɗan kai, sai ɗan wasan ya cika hoton tun daga takalmi har gashin kai. Wannan lissafi yana kuma nuna maka iyakar abin: ko da 200mm, wanda ke can ragar ɗaya gefen ba naka ba ne. Ƙwararru ma ba sa bin ƙwallo ko'ina da lensi, sukan zaɓi wuri ɗaya a bayan layin raga, kusa da tutar kusurwa, su jira wasa ya zo musu.

Sai batun haske, wanda a ganina ya fi wancan muhimmanci. Kafin a tsayar da mutum mai gudu cak a cikin hoto, dole kyamara ta ƙifta da saurin kusan 1/1000 na daƙiƙa, kuma duk lokacin da ta ƙifta da irin wannan sauri, hasken da ke shiga kaɗan ne. Da ƙarfe huɗu na yamma, a ranar Sakkwato, wannan ba damuwa ba ce, domin lensi mai f/5.6 zai ba ka 1/1000 ba tare da ISO, wato lambar da ke nuna ƙarfin jin haske na kyamara, ya wuce 200 ko 400 ba. Amma da zarar an shiga zagaye na biyu rana ta sunkuya, musamman a lokacin hazo, sai ka ga kyamara tana neman ISO 3200, kuma 700D, wadda ta fito tun 2013, takan cika hoto da tsaki-tsaki a wannan mataki. Lensi mai f/2.8 yana shigar da ninki huɗu na hasken da f/5.6 yake shigarwa, ma'ana inda wancan ya nemi ISO 3200, wannan 800 ya ishe shi. Abin da kake biya da tsada ke nan.

A nan akwai wani ruɗi da 'yan kasuwa kan jefa mutane a ciki. Za a nuna maka haruffan IS a jikin lensin Canon, ko VR a na Nikon, OS a na Sigma, VC a na Tamron, a ce maka hoto ba zai ƙara rawa ba. Abin da wannan na'ura take gyarawa shi ne rawar hannunka kai mai ɗauka. Ba ta da iko a kan ƙafar ɗan wasa, ba ta kuma da iko a kan yaron da ya ƙi zama wuri ɗaya.

Idan lensi ɗaya tilo kake so, wanda aka sani da ayyukan nan biyu shi ne 70-200mm f/2.8, kuma Canon da Sigma da Tamron duk suna da irinsa da zai hau kyamararka. Yana da saurin kama abin da ke motsi, yana kuma narkar da bayan hoto har fuskar yaro ta fito ita kaɗai garau. Sai dai nauyinsa yana kai kilo ɗaya da rabi, wanda bayan minti casa'in a tsaye kafaɗa za ta ba ka labari, kuma ko na hannu ka samu, kuɗinsa ya ninka na kyamararka. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: a kyamararka 70mm yana aiki ne kamar 112mm, saboda haka a cikin ɗakin mai jego ko a zaure, bango zai tare maka baya kafin ka samu uwa da jariri su shiga hoto tare.

Tunda ka ce kuɗin ba su da yawa, shawarata ita ce ka raba su gida biyu. Ka sayi Canon EF-S 55-250mm f/4-5.6 IS STM don fili, wanda nauyinsa gram 375 ne kacal kuma hotonsa yana da kaifi fiye da yadda farashinsa yake nunawa, sannan ka haɗa da EF 50mm f/1.8 STM don yara. Ka tabbata akwai STM, wato nau'in injin saiti, a rubuce, domin tsofaffin samfuran ba su kai shi saurin saiti da rashin ƙara ba. Za a iya yi maka tayin 75-300mm saboda lambarsa ta fi girma kuma ya fi araha, amma ni ban ba ka shawararsa ba, don ba shi da mai hana rawa, kuma kaifinsa yakan ragu sosai a wajen 300mm. Da 55-250mm za ka yi asarar mintocin ƙarshe na wasan da ya kai kusan magariba, wannan gaskiya ce da ya kamata ka sani tun kafin ka biya, amma kokawa da dambe da ake yi da sauran rana, da hawan sallah, duk zai yi maka su ba tare da gardama ba. Ka sa kyamara a kan AI Servo, wato saitin da ke bin abu mai motsi, ka zaɓi ɗigon saiti na tsakiya, ka bar yatsa a kan maɓalli ta riƙa ɗaukar hoto biyar ɗinta a daƙiƙa.

Game da yara, abin da ke gyara fuska shi ne tazarar da ka ba ta. Idan ka matso da 18mm har kusa da hancin yaro, hancin zai kumbura, kunnuwa su ja baya. Da 50mm kana tsayawa ne a nisan mita biyu ko uku, fuskar ta fito yadda uwarsa ta san ta, yaron kuma bai firgita da baƙin ƙarfe a gabansa ba. Ka durƙusa har idonka ya yi daidai da nasa, ka ajiye shi a inuwar bishiyar dogon yaro ko a bakin ƙofa inda haske ke shigowa ta gefe, ka saita a kan idon da ya fi kusa da kai. Kada kwaɗayin narkar da baya ya sa ka buɗe har f/1.8, domin a nan wurin da ke fitowa garau 'yan santimita ne, yaro ya ɗan gyaɗa kai sai saitin ya koma kan kunne. Ka tsaya a f/2.8 da saurin 1/250 ko sama da haka. Idan ɗalibai masu sauka ne su biyar a jere da allunansu, ka rufe zuwa f/5.6. Kafin kuma ka ɗora hoton ɗan wani a Facebook don tallar aikinka, ka nemi izinin iyayensa.

Tambaya: Malam, ni uwa ce daga Arkilla, ba ni da kyamara sai waya. Idan na zuƙo ɗana a wasannin makaranta sai hoton ya farfashe. Waya ce ba ta da kyau?

Amsa: Hajiya, wayarki lafiyarta lau. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi ba su da lensin zuƙowa na gaskiya, idan kika ware yatsu a kan fuskar waya, tsakiyar hoton kawai take yankowa ta buɗa shi, shi ya sa yake farfashewa. Wasu manyan wayoyi suna da lensi na daban don nesa, kamar iPhone 15 Pro Max mai ninki biyar da Samsung Galaxy S23 Ultra mai ninki goma, amma su ma da rana suke nuna bajinta. Ki matsa kusa da inda za a ƙare tseren, ki juya wa rana baya, ki ɗauka ba tare da zuƙowa ba, daga baya ki yanke gefen da ba kya so.

Tambaya: Zan sayi lensi na hannu da aka kawo daga Legas. Me zan duba?

Amsa: Ka tafi da kyamararka, kada ka yarda a gwada maka a kan ta mai shago. Ka cire murfin gaba da na baya, ka haska fitilar waya ta ciki: ƙura 'yar kaɗan ba ta ɓata hoto, amma idan ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a jikin gilashin, fumfuna ce, wadda damshin kudu yake haifarwa, kuma ka bar shi komai arhar sa. Ka murɗa zoben zuƙowa daga farko har ƙarshe ka ji ko yana cijewa, sannan ka ɗauki rubutun wani allo daga nesa, ka buɗa hoton ka ga ko gefen dama da na hagu kaifinsu ɗaya. Idan Nikon gare ka, ka kula da haruffan AF-P, domin irin waɗannan ba sa saiti a kan tsofaffin kyamarori kamar D3100 da D5100. Bayan ka saya, abokin gabarka a nan ƙurar hunturu ce: kada ka sauya lensi a tsakiyar fili iska tana kaɗawa, kuma ka hure ƙurar da ɗan famfon roba kafin ka sa ƙyalle, don goge gilashi da yashi a kansa shi ne yake karce shi.