Tambaya da Amsa: Zan Kai Mahaifiyata Umra, Ga Tsufa Ga Ciwon Suga

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, ina zaune a Aboabo a nan Kumasi. Allah ya hore mini abin da zan kai mahaifiyata Umra, kuma daga ni har ita babu wadda ta taɓa hawa jirgin sama. Shekarunta 66, tana da ciwon suga, tana yin allurar insulin safe da yamma. Mai shirya mana tafiya ya ce mu kawo fasfo da kuɗi kawai, sauran nasa ne. Shin haka ne? Daga wata mai karatu, Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya yi miki albarka, ya kai ku lafiya. Mai shirya tafiya aikinsa biza da tikiti da masauki, amma jikin Mma ba ya cikin lissafinsa, kuma wannan ɗawainiyar a wuyanki take tun wata guda ko fiye kafin ranar tashi.

Ku fara da rigakafi. Ghana tana cikin ƙasashen da ake samun cutar shawara, saboda haka Saudiyya tana neman katin shaidar allurar daga duk wanda ya fito daga nan. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar cewa allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Idan Mma ba ta taɓa yi ba, sai likita ya duba ta tukuna, domin wanda ya haura shekara 60 ya fi fuskantar illa daga wannan allurar, kuma likita ne zai yanke ko a yi mata ko ya rubuta takardar uzuri. Sai allurar sanƙarau mai kare nau'i huɗu, wadda Saudiyya ta daɗe tana sharɗanta wa masu zuwa ibada, ita ma aƙalla kwana 10 kafin isa. Na san akwai masu kawo kati da hatimi har gida ba tare da allura ta taɓa fatar mutum ba. Kati irin wannan yana iya wucewa gaban ma'aikaci, amma sanƙarau ba ya karanta hatimi.

Maganar insulin ta fi buƙatar natsuwa. Ku je wurin likitan da ke duba ta, ko a asibitin Komfo Anokye ne ko a wani wuri, ya rubuta takarda da Turanci mai ɗauke da sunan ciwon da sunayen magungunan da adadin da take amfani da shi. Ku ɗauki abin da zai ishe ta har ya yi saura, kowane magani a cikin kwalinsa na asali, a kuma zuba shi a jakar hannu, domin jakar da ke shiga ɗakin kaya na jirgi tana iya ɓata, sanyin wurin kuma yana iya daskarar da insulin ya lalata shi. Agogon Makka yana gaban na Kumasi da awa 3, don haka ki tambayi likita yadda za a gyara lokutan allura. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, kuma tafiya irin wannan tana saukar da suga. Dabino ko alewa kada su rabu da jakarki. Idan kin ga tana gumi mai sanyi, hannunta yana rawa, ko tana amsa magana ba daidai ba, ki zaunar da ita ki ba ta abin zaƙi nan take. Akwai keken turawa a Harami, kuma hawansa ba ya rage ladan kowa, ko da yake na san iyayenmu da kafiya a wannan batu.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙafa. Tsohuwa ta cire silifa a ƙofar masallaci, ta fito ta wata ƙofar ba ta gan su ba, sai ta ce ai masauki kusa ne, ta taka a haka. Marmaran da ke kewaye da Ka'aba ba ya ɗaukar zafi sosai, amma daɓen waje da kwalta da azahar tamkar tanda suke, mai ciwon suga kuwa sau da yawa jijiyoyin ƙafarsa sun dushe, ba zai ji yana ƙonewa ba sai ya isa ɗaki ya ga tafin ya saluɓe. Ki sa takalmanta a ƙaramar jaka ku shiga da su, ki kuma duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu kowane dare. Zafin ƙasar ba irin na Asante ba ne: a Hajjin 2024 ya kai kusan digiri 52 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Ku riƙe laima, ku yawaita shan ruwa, ku bar ɗawafi zuwa dare ko bayan asuba. Idan an kai ku yawon ziyara aka miƙo ɗanyen nonon raƙumi, ku ce kun gode, saboda cutar numfashi ta MERS da aka gano a can a 2012 tana da alaƙa da raƙuma, ta kuma fi tsanani ga masu suga. Lambar motar asibiti ita ce 997. Katin inshorar lafiya na Ghana ba ya aiki a can, sai ki nemi mai shirya tafiya ya ba ki takardar inshorar da ke haɗe da bizar.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwar goro ne a Asawase. Zan tafi Umra, ina so in kai wa ƙanena da ke Jidda goro kaɗan, maƙwabta kuma sun fara kawo saƙonni. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, goron nan ka bar shi a Kumasi, domin hukumomin alhazai sun sha gargaɗi cewa Saudiyya ba ta yarda a shiga da shi ba. Saƙo kuwa, duk ƙullin da ba a kwance shi a gabanka ba kada ya shiga jakarka, ko da na surukinka ne. Safarar miyagun ƙwayoyi a can hukuncinta yana kaiwa ga kisa, kuma tiramadol yana cikin magungunan da ake kama mutum a kansu. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba daga Kano a Madina saboda wata jaka da aka liƙa wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba, sai da ta yi wata 4 a tsare kafin a sake ta. Ka ƙirga jakunkunanka a Accra, ka tabbata adadin takardun shaidar kaya da aka ba ka ya yi daidai da su, ka ɗauki hoton kowace jaka da wayarka, ka kuma rubuta lambar ƙaramin ofishin jakadancin Ghana da ke Jidda a takarda ka sa a aljihu.