Amsa ga mai tambaya kan fyaɗe a Damagaram

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka tambaya ko da gaske fyaɗe ya yi yawa a Damagaram ko Facebook ne ke kambama shi, kuma ko ƴan pale, wato gungun matasan nan ƴan daba na unguwanni, su ne masu yi. Ni ungozoma ce, na haura shekara 20 ina aiki tsakanin garin nan da ƙauyukan Mirriya, to ga abin da idona ya gani.

Abin da ke isa komisariya ɗan tsakure ne. Mu ake fara kawo wa, kuma ba da sunan fyaɗe ba. Uwa za ta shigo da ƴar shekara 11 ta ce fitsari na yi mata zafi, ko ta ce aljanu ne, yarinya ta daina magana, ta koma fitsarin kwance. Wata kuma sai ciki ya kai wata biyar, zane ya ƙi rufe shi. In ka kore uwar waje ka zauna da yarinyar a hankali, sai sunan ya fito.

Sunan nan kuwa da wuya ya zama na baƙo. Ban wanke ƴan pale ba, na ɗinke raunukan da suka yi. Amma an mayar da Kara-Kara, unguwar da ƴan pale suka yi suna, bangon shafa laifi, alhali yawancin waɗanda yara suka ambata mini mutanen gida ne ko na ƙofar gida: mai shagon da ake aiken ta, ɗan kabu-kabun da ke kai ta lakwal, mijin yaya, kawu, wanda ke saye tallar duka ya ce ta shigo zaure ta karɓi kuɗi. Maza ma ba su tsira ba, musamman almajirai masu kwana a waje. Su ko kawo su ba a yi, sai tafiya ta gagara.

Akwai wata ƴar tallar gyaɗa da har yau take tsaye mini a rai. Na rubuta duk abin da na gani, na roƙi uban ya kai ƙara. Kwana uku sai ga shi ya dawo, wai dattawa sun zauna an yi sulhu, mutumin ya ba da jika hamsin, a rufa asiri kada yarinya ta rasa miji. Shekara ba ta zagayo ba aka kawo mini wata daga layin nan, sunan da ta faɗa shi ne dai. Asirin wa aka rufa ke nan?

Ba doka ce babu ba. Dokar laifuffuka ta Nijar ta yanka wa mai fyaɗe ɗaurin shekara 10 zuwa 20, in yaron bai kai shekara 13 ba kuma 15 zuwa 30. Wannan ba maganar da mai unguwa zai kashe a zaure ba ce. Amma alƙali hujja yake so, mu kuwa abin da muke fara yi shi ne wanke hujjar: a yi wa yarinya wanka da ruwan zafi, a gasa ta, a wanke zanen, wani lokaci har da duka wai me ya kai ta.

Don Allah ƴan uwa mata, in ta faru, kada a yi wanka, kada a wanke tufafin, a naɗe su a takarda a tafi asibiti ranar. Maganin kare ta daga sida cikin awa 72 kawai yake aiki, na hana ɗaukar ciki kuma bai wuce kwana 5. A nemi takardar likita, daga nan a wuce wajen ƴan sanda ko jandarmomi. In yaron ya fara ba ki labari, ki danne kukanki da salatinki har ya gama, domin da ya ga hankalinki ya tashi zai ja bakinsa ya yi shiru.